Kokon da jikokina suka dama a bayan turken awaki

Ni ban wuce aji na uku ba a lakol, kuma ko ajin ukun nan rabinsa a ƙarƙashin tebur na yi shi, inda nake fakewa in mushe, malaminmu, ya ɗauko bulala. Duk da haka har yau ni ne babban malamin gidanmu a kan duk abin da ya fito daga ƙasar Nasara. Shi ya sa ranar da jikokina suka dawo daga lakol da sabuwar magana, ɗakina suka nufo, ko jakunkuna ba su ajiye ba.

Su uku ne, ƴaƴan ɗana. Babbar ta isa ɗaukar tulu daga famfo ba tare da ta zubar ba. Na tsakiya namiji ne mai kunnuwa kamar faifai, wanda muke gaba da shi tun ranar da ya fara haƙori ya gwada su a yatsana. Sai ƙaramar, wadda aka sa lakol bana domin ta samu inuwa mai kyau ta yin barci.

"Kaka, ranar Lahadi sallar uwaye ce," in ji babbar.

"Sallar wa?"

"Ta uwaye. Madam ce ta faɗa."

"An ga wata? Liman ya sani? Don in da yanka a ciki gara a gaya mani da wuri in ɓoye bunsuruna."

"Kai dai tsohon nan ba ka san kome ba," in ji mai kunnuwa. "Ba a yanka. Abincin safe ake yi wa uwa, ita ta huta."

Suka yi mani bayani, kowa na katse kowa. Wai madam ta zana masu hoto a allo: faranti mai faɗi, a kansa kofin shayi da burodi da dafaffen ƙwai, da fure guda a cikin kwalba. Yara za su tashi da wuri su haɗa, su kai wa uwarsu tun tana kwance a kan gado.

Na gyara zama irin na masu ilimi, na ce masu wannan al'ada na san ta tun kafin a haifi madam ɗin tasu, kuma tana da kyau, sai dai wuri guda da Nasara ya yi kuskure. "A garin nan," na ce, "ba a kai wa mutum abinci har kan gado sai in ya kasa tashi."

Da wasa na faɗe ta. Amma babu wanda ya yi dariya, ni ma da na ji ta a kunnena sai na so a ce ban faɗa ba.

Ga yadda gidan yake a lokacin. Ƙauyenmu na gefen Gazawa, in iska ta juyo muna jin ƙarar motocin da ke bin godoro, titin kwalta. Ɗana, uban yaran, yana can arewa wajen neman abinci, sai dai mu ji muryarsa a salula in ya samu wurin da take kamawa. Tsohuwata, uwar ɗan nawa, ta rasu da daɗewa. Saura ni da surukata da yaran. Ita surukar tawa daga wajen Gidan Sori aka kawo ta, mace mai saurin hannu da saurin baki, wadda in tana faɗa da akuya har maƙwabta sukan san laifin akuyar.

Da su huɗu ne yaran. Akwai wani ɗan ƙarami da aka yaye a farkon daminar da ta wuce. Tunda aka cire shi daga nono ya mai da ni uwarsa ta safe. Da gari ya waye zan ji shi yana tahowa, ƙafa ɗaya na jan ƙasa, ya ture labulen ɗakina ya zauna a kan ƙafata, ya tsoma hannu cikin kokona ba sallama ba bismilla. Nakan ce mashi ɓarawo, yakan ce mani ɓarawo, iyakar hirar da muka taɓa yi ke nan, kuma ta ishe mu.

Da hatsi ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kama shi. An kai shi likita, an ba da magani, aka dawo. Wata safiya jikin ya yi sanyi, ya buɗe ido ya ce koko. Uwarsa ta fito tsakar gida da murna, har tana ce mani, "Baba, ya nemi abinci." Ta hura wuta, ta dama, ta fifita da ludayi don ya huce, ta shiga da ƙwaryar. Ina zaune a ƙofar ɗakina na ji shiru, irin shirun da ya fi kuka ƙara.

Kokon nan ya wuni a bakin ƙofa babu wanda ya taɓa shi. Da yamma wata daga cikin masu gaisuwa ta ɗauke shi.

Tun daga ranar ba a sake dama koko a gidanmu ba. Da safe takan ɗumama wa yara tuwon jiya, ta aiko mani da nawa, ita ta koma ɗaki. Ba ta cin kome sai rana ta karkata, shi ma lomar da ba ta isa kaza ba. Ba ta kwanta ciwo ba. Tana daka, tana shara, tana wanki, tana gaishe ni a durƙushe kamar kullum. Sai dai zane ya fara zagaye ta fiye da yadda ya saba, awarwaron hannunta yana zamewa har ya nemi faɗuwa, kuma akuya ta samu ƴanci, tana shiga har madafa ba mai ce mata kome. Ƙaramar ta sake zama auta, amma babu wanda bakinsa ya iya kiranta da sunan.

Ni kuwa abin da ya same ni ban gaya wa kowa ba. Kowace safiya, daidai lokacin da rana ke taɓa bakin danga, sai in ga na janye ƙafata na gyara ta, na yi wa wani wurin zama. Labulen yakan motsa. Na san iska ce, na yi lakol.

Da bazara ta tsananta, wan surukata ya zo a kan moto, wato babur, daga Gidan Sori. Ya ga ƙanwarsa, ya fito ya zauna kusa da ni a zaure ya daɗe yana murza hularsa. Mutum ne mai ladabi. Ya ce, "Baba, ba raini ba ne. In ruwan shuka ya sauka tana haka, zan zo in tafi da ita gida ta huta."

Ba ni da bakin hana shi, jininsa ce. Amma na san irin wannan hutun, na ga matan da suka tafi shi. Wata ta dawo, wata sai dai a ji labari. Yara kuwa a gidan ubansu za su zauna, da ni da ban san inda ake ajiye gishiri ba. Na ce mashi Allah ya kai mu. Ashe babbar tana bayan danga tana shanyar kayan lakol, ta ji kome, kuma kafin dare ƙannenta sun ji.

To, wannan ita ce sallar uwayen da suka kawo mani. Gajimare ya riga ya fara taruwa a gabas da yamma-yamma, yana watsewa. Ba biki suke nema ba. So suke Innarsu ta sa wani abu a baki da safe, ko da sau ɗaya, a samu abin gaya wa kawu.

Na tara su na buɗe taro. Na ce shayi da burodi, kamar yadda madam ta zana. Mai kunnuwa ya ce shi burodi yana tuna mashi kwanan jinya a likita. Na ce ɗanwake, wannan ko makaho ya iya jefa shi a tukunya. Babbar ta ce ɗanwake da nauyi, mai cikin da ya saba zama wayam ba zai iya ba. Na ce dafaffen ƙwai. Ƙaramar ta ce kazar tana kwanci, in aka taɓa ta tana cizo.

"Koko za mu yi," in ji babbar.

Na dube ta. Ita ce ta riƙe ƙannenta a bayan ɗaki ranar rasuwar, ba ta manta kome ba.

"Uwar ɗakina," na ce, don haka nake kiranta in ina neman sulhu, "duk abincin da Allah ya halitta a ƙasar Maraɗi, sai wannan?"

"Shi ta fi so. Da shi take karyawa tun tana gidansu."

"Na sani. Kin san kuma abin da zai tuno mata."

"Ai ba ta manta ba balle ya tuno mata, Kaka." Ta sunkuyar da kai tana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. "Ni ma ina so in sha. Tsoro nake ji in ce."

Sai na yi abin da manya ke yi in yaro ya fi su gaskiya, na yi gyaran murya na ce zan yi shawara da zuciyata. Shawarar ba ta daɗe ba. Na ɗebo masu gero daga wanda nake ɓoyo a ƙarƙashin gado don ranar da ba a sani ba.

Wanda duk ya ce koko abinci ne mai sauƙi, mace ce ta saba dama mashi. Ni na sha shi tun kafin in iya ɗaura wando, amma sai a makon nan na gane ba da safe ake fara shi ba. Sai an wanke geron, an rege tsakuwa, an jiƙa shi ya kwana. Sai an kai inji an markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono. Sai an tace, a bar gasarar ta kwanta, ta sake kwana ta yi tsami. Duk wannan kuma a ɓoye, cikin gidan da uwar gida ta san yawan ludayinta ko da ido rufe.

Ɗakina ya zama madafa. Suka jawo tsohuwar tukunyar tsohuwata daga bayan buhuna, wadda ban bari an taɓa ba tun da ta bar ta, suka wanke ta suka jiƙa geron a ciki. Regaya ta zama yaƙi: mai kunnuwa ya ce shi gwani ne, ya juya ƙwarya sau biyu ya ce tsakuwa ta ƙare. Ranar Asabar da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, babbar ta juye geron a roba ta naɗe cikin buhu ta kai inji, ƙaramar na biye da ita tana gaya wa duk wanda suka gamu da shi cewa ba kome ba ne a ciki.

Da aka zo tata sai aka tuna abin tatar yana rataye a ɗakin Innarsu. Sai na ga idon mai kunnuwa ya sauka a kan rawanina na zuwa Idi, fari, mai laushi, wanda nake ninkewa a kan akwati.

"Ko a mafarki," na ce.

"Ai ba ka da wani Idin a gaba kusa, tsoho. Kafin Layya ya bushe."

"Wannan rawanin ya gaisa da hakimai."

"Yau zai gaisa da gasara."

Haka aka yi. Biyu suka riƙe gefe, babbar ta zuba tana murzawa, farin ruwa yana sauka cikin tukunya. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina gadi, ina tari duk lokacin da na ga inuwar surukata ta gifta. Na yi tarin da sai da ta aiko mani da ruwan zafi da lemun tsami. Ko ta san abin da ake yi, ban sani ba. Da a da ne, da tun daga warin jiƙon gero ta kama mu. A lokacin kuwa takan wuce abu ta dube shi, ba ta gan shi ba.

Zafin bazara ba ya wasa da gasara. Kafin kiran sallar asuba ɗakin ya cika da tsami, shi ya tashe ni. Ban buɗe ido ba tukuna, na ji warin nan, sai jikina ya ɗauka shekarun baya ne. Na ji kamar in na miƙa hannu zan taɓa gefen tabarmar tsohuwata da sauran ɗumi, ta fita hura wuta. Har na buɗe baki zan ce mata kada ta cika barkono. A bayan wannan kuma, kusa-kusa, sai kunnena ya fara sauraren ƙafar nan mai jan ƙasa. Mutum biyu warin ya kawo mani, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba a duniya, suka tsaya mani a ɗaki guda. Na tashi zaune na yi ta salati. Na ce a raina, ni ke nan da nake namiji, tsoho, mai aji uku. Ina ga ita?

Na kusa in ɗauki tukunyar in kai wa awaki kafin yara su farka. Na ma kama bakinta. Sai na ji ana taɓa ƙyaure, babbar ce, da ashana a hannu, ta riga ta yi alwala.

Da na dawo daga masallaci sun kafa duwatsu a bayan turken awaki, inda hayaƙi ba zai shiga tsakar gida ba. Mai kunnuwa yana karya kara yana turawa, ƙaramar tana tsugune tana hura wutar daga nesa, inda iskar bakinta ba ta ko isa. Babbar ta tsiyaye ruwan tsamin da ya taso, ta ɗebi gasarar ta dama a ƙwarya. Ni na ɗauki matsayin mai ba da umarni.

"Zuba ruwan yanzu."

"Bai tafasa ba, Kaka."

"Ni da na ga ana dama koko tun zamanin da ake biyan haraji da gero? Zuba."

Ta zuba. Abin ya tsaya fari, tsararo, kamar ruwan wankin alli. Muka leƙa mu huɗu.

"Ka ɓata," in ji mai kunnuwa. "Tsohon nan ka ɓata mana."

Gaskiyarsa. Na tsuguna ina neman dabara, sai na tuna ba da ido na san aikin nan ba, da kunne na san shi, ina kwance a ɗaki. In ya tsinke wa tsohuwata, nakan ji ta yi tsaki, sannan in ji ƙarar ƙwarya tana juyewa cikin tukunya, sannan muciya. Na ce su mai da shi kan wuta a yi ta juyawa kada a tsaya. Babbar ta juya har hannunta ya gaji, mai kunnuwa ya karɓa. Can sai farin ya fara komawa ruwan toka, ya yi kauri, ya fara fitar da ƙananan kumfa. Na ce masu dama haka na shirya, gwada su nake yi.

Aka juye a ƙwarya mai kyau, aka sa sukari, aka rufe da faifai. Mai kunnuwa ya karyo reshen bedi, dogon yaro, mai ɗan sauran fure don cika umarnin madam, ya ajiye shi a ƙasa yana wanke hannu, akuya ta miƙo wuya ta gama da shi. Gado kuwa na hana. Na ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a inuwar rumbu, a kira ta ta fito da ƙafarta.

Sai maganar wanda zai miƙa. Babbar ita ta yi wahalar, amma ɗiyar fari ce, uwarta ko sunanta ba ta kira, sai dai "ke" ko "waccan". In ta miƙa, kunya kaɗai ta isa ta hana a karɓa a gaban mutane. Ita da kanta ta ɗora wa ƙaramar ƙwaryar a hannu, ta bi ta a baya tana tallafe da gindin.

Surukata ta fito tana gyara kallabi, da niyyar ɗora ɗumame. Ta ga tabarma, ta gan mu a jere kamar masu jiran hoto. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Yau hukuma ta hana ki aiki. Takarda ta zo daga lakol. Zauna."

Ta zauna a gefen tabarmar, ba don ta gane ba, don dai na ce. Mai kunnuwa ya ƙame kamar soja ya karanto wani abu da Faransanci, na riƙa gyaɗa kai, ko da yake kalmar uwa kaɗai na kama a ciki. Ƙaramar ta dire ƙwaryar, ta ɗage faifai.

Tururi ya tashi ya same ta a fuska.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mani sauƙi. Ta dai zuba wa ƙwaryar ido, hannayenta a kan cinya. Ta juya kai a hankali ta dubi ƙofar ɗakinta, ta daɗe tana dubawa, kamar akwai wanda za a fara kai wa. Mu duka muka bi ta da ido muka dubi ƙofar. Babu kome sai labule.

"Inna, mu muka yi," in ji ƙaramar. "Da rawanin Kaka."

Ta ɗauki ludayin. Ta tsoma, ta ɗago, ta zuba, ta sake ɗagowa, irin yadda ake fifita wa yaro. Ta yi ta yi. Ba ta kai baki ba.

Ni kuwa tsoro ya sa bakina ya ƙi tsayawa. Na matso na ce ta sha, koko ne na malamai, an tace shi da rawanin da ya gaisa da hakimai. Na ce in ba ta sha ba madam za ta ba yara sifili. Na ce ko a Agiye ranar kasuwa ba a samun irinsa. Ta ce, "To, Baba," ta sunkuyar da kai, ludayin yana hannunta. Kokon ya fara yin fata a sama. Ina ganin idon mai kunnuwa ya cika da hawaye.

Sai na ji an ja mani gefen riga. Babbar ce. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta dube ni ba.

"Kaka, ka fita."

"In fita ina? Ni ne shugaban taron."

"Ka taɓa ganin Inna ta ci abu a gabanka?"

Na tsaya. Tun ranar da aka kawo ta gidan nan a lulluɓe, ko ruwa ban taɓa ganin ta sha ba. In tana tauna goro ta hango ni, takan juya baya. Ni surukinta ne. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma na tsaya a kanta kamar jandarma ina cewa sha, sha.

Na ce masu na tuna liman yana nemana kan wata muhimmiyar magana ta addini. Na ɗauki sandata na fita da duk girman da ya rage mani.

Zaure na zauna, inda ba a ganina amma ina ji. Ban taɓa sanin gidanmu yana da ƙara iri-iri haka ba: kaza, igiyar akuya tana gogar turke, wata mota can nesa a kan godoro. Daga tsakar gida kuwa shiru. Na ƙirga tasbaha, na ɓace, na sake farawa. Can na ji kuka, siriri, ban gane na wa ba ne, sai wani ya haɗu da shi, sai wani. Na riƙe sandata da hannu biyu don kada ƙafata ta kai ni. Kukan ya daɗe. Ya lafa. Aka face hanci.

Sai na ji ludayi ya taɓa gefen ƙwarya. Ya sake taɓawa. Tsakanin taɓawa da taɓawa akwai ɗan jinkiri, daidai na mai haɗiya.

Sannan muryarta, a dushe, amma tata ce ta da:

"Wa ya rege geron nan?"



"Na ce wa ya rege shi? Tsakuwa ce zalla. Kai ne ko? Zo nan. Haka na koya maku?"

Ban san lokacin da na fara dariya ba, ni kaɗai a zaure, ina share ido da hannun riga. Mai kunnuwa ya fito da ƙwaryar, an aiko mani da saura kamar yadda aka saba. Kunnensa ɗaya ya fi ɗayan ja, yana murmushi har haƙoransa na baya. Na duba cikin ƙwaryar. Kokon ya bar zobe a jikinta inda ya fara tsayawa, yanzu yana can ƙasa da zoben sosai.

"Ita ta sha, ko ku kuka taya ta?"

"Ita ce. Ta ba kowa ludayi guda, sauran ita ta sha. Ta ce barkono ya yi yawa."

Na sha nawa. Akwai tsakuwa.

Ba zan ce ta warke a ranar ba, don ba haka aka yi ba. Har yau ba ta dama koko da hannunta. Babbar ke damawa, ita ta karɓa ta shiga ɗaki da shi. Wata safiyar ƙwaryar ta fito wayam, wata safiyar ta fito kamar yadda ta shiga.

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba, mai ƙarfi, har ya kwantar mana da gefen danga. Da hanya ta sha ruwa, sai ga wanta a kan moto, ya ɗaure ɗan matashi a kujerar baya. Muka gaisa a zaure.

"Baba, tana ci?"

"An ce tana ci. Ni ban taɓa gani ba, kuma in Allah ya yarda ba zan gani ba."

Ya shiga wurinta. Suka daɗe. Abin da suka ce ban ji ba. Ya fito ya tsaya yana kallon moton, sannan ya kwance matashin ya miƙa wa ƙaramar ya ce ta riƙa kwanciya a kai. Ya ce zai sake leƙowa bayan noman farko. Ya tafi shi kaɗai.

Da la'asar surukata ta nemi takalmanta na fita ta rasa. Aka bincika gida, daga baya mai kunnuwa ya hau rumbu ya fito da su daga cikin hatsi, inda ya binne su tun da ya ji ƙarar moto. Ba ta dake shi ba. Ta kakkaɓe su ta ajiye.

Ina zaune a ƙofar ɗakina ina gyara ƙotar kwasa ta noma, ta zo ta durƙusa daga nesa kaɗan. Na ɗauka ruwan alwala ta kawo. Ba ta riƙe da kome.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata."

"Ta wane gefe kuka sa shi?"

Mata ba sa zuwa maƙabarta, kuma tun da muka ɗauke yaron daga hannunta ba ta taɓa tambaya ba. Na nuna mata da haɓa, gabas da gari, bayan babban itacen gawon nan da ake hangowa ta kan danga.

"Ruwan nan bai shiga ba?"

"Na je da safe. Ya ɗan zauna ta gefe guda, na ƙara ƙasa, na sake ƙaya."

Ta daɗe tana kallon gawon. Sannan ta ce Allah ya saka, ta tashi, ta kori akuya daga bakin madafa.